Dakan Hannu

Ranar da Uwaisu ya kawo ledojin bai ko tsaya jingine kekensa ba. Ya sake shi a zaure ya faɗi, ya rungumo kwali ya shigo tsakar gida yana kiran matarsa Hansatu. Tana bakin murhu tana suyar ƙuli-ƙuli, ta goge hannu a zaninta ta taso. Ya zaro leda ɗaya ya ɗaga ta sama don rana ta haska ta. 'Yar ƙarama ce, ba ta wuce tafin hannu ba. An buga mata hoton turmi da taɓarya da jar tawada, a sama an rubuta YAJIN UWAISU, ƊORAYI, KANO, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe an rubuta DAKAN HANNU.

Hansatu ba ta yi boko ba, don haka shi ya karanta mata yana bin rubutun da yatsa. Tun kafin ta tambaya ya gaya mata cewa saboda mutuncinta ne bai sa sunanta ba, bai dace sunan matar aure ya riƙa yawo a bakin direbobi da leburori ba. Ta ce haka ne. Abin da ta tambaya kawai shi ne guda nawa aka buga. Ya ce dubu ashirin, don kamfanin ledar da ke Sharaɗa ba ya tayar da inji a kan abin da ya gaza haka. Ta yi dariya har da riƙe baki, ta ce sai dai jikokinta su ƙarasa dakan.

Yajin nata ne, kowa a gidan ya sani. Tun Uwaisu yana aiki a wata masaƙa a Bompai take daka kwano guda a mako, ta ƙuƙƙulla a takarda, a kai wa mata masu sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfanonin Sharaɗa. Haɗinta ba irin na kowa ba ne. Takan gasa citta kaɗan kafin ta daka, ta zuba masoro da kimba da kanumfari gwargwadon yadda hannunta ya saba, kuma ƙulin da kanta take soyawa don kada ya zo da maƙaƙi. Ma'aikata suka fara tambayar masu abinci yajin wace ce wannan. A shekarar 1983 masaƙar ta rasa kayan gyaran inji ta rufe sashe biyu, Uwaisu yana cikin waɗanda aka sallama. Ya yi wata uku yana zaga Bompai da Challawa da takardunsa a hammata, ko'ina ya je allo ɗaya ne a ƙofa, babu aiki. Da ya gaji da zagaye sai ya dawo gida ya dubi turmin matarsa.

Kada a zalunce shi, ya yi ƙoƙari. Shi ya koyi liƙe bakin leda da kyandir da tsohon zarto har yatsunsa suka yi baƙi. Shi yake ɗora kwali a keke cikin rana tsaka, ya bi kantin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya bar wa masu shayi da masu tsire ɗanɗano kyauta. Shi ya gane cewa direbobin manyan motoci da ke lodi a Bompai su ne kasuwar gaske, don leda ba ta fashewa a aljihu kamar takarda, mutum sai ya kai ta Legas ko Maiduguri bai yi asarar komai ba. Ko'ina ya tsaya kuwa maganarsa ɗaya ce. Wannan ba niƙan inji ba ne da ake cakuɗawa da garin masara da jar kala, dakan hannu ne, a cikin gidansa ake yi, ya rantse da Allah. Yawancin ma'aikatan nan mutanen karkara ne, daga Gumel da Kazaure da Damagaram, suna kwana su shida a ɗaki suna cin abincin bakin titi, kalmar tana tuna musu da turmin iyayensu mata. Suka saya, suka gaya wa 'yan uwansu.

Kwano guda a mako ya koma kwano guda a rana. Kafin damina ta ɗauke ya zama uku, ranar da direbobi za su tashi har biyar.

Wanda bai taɓa dakan barkono ba yana zaton kamar dakan gero ne. Busasshen barkono ba ya mutuwa da wuri, tsalle yake yi a cikin turmi. A daka, a kwashe, a tankaɗe a rariya, a mayar da tsakin a sake dakawa, wani lokaci har sau huɗu. Citta kuwa itace ce, jijiya gare ta. Kuma duk saukar taɓarya sai wata jar ƙura ta tashi, wadda ido ba ya ganinta sosai amma maƙogwaro ya san da zuwanta.

Gidan haya suke zaune, ɗaki bakwai da famfo ɗaya. Tun ana yi wa Hansatu wasa ana cewa ta kori aljanun gidan, har aka daina wasa. Yara suna atishawa, shanya tana ɗaukar yaji, wani maƙwabci mai aikin kwana a Challawa ya ce ba ya samun barcin rana. Mai gidan ya aiko cewa ko a daina ko a tashi. Uwaisu ya samo mafita a ranar. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya kusa da banɗaki da ake zuba gawayi da tsofaffin kwanuka, ya karɓe shi, ya share, ya mirgina turmin ciki. Ya toshe tagar da buhu don kada ƙura ta fita ta dami jama'a, ya ce ta riƙa tura ƙofa in ta shiga, domin haƙƙin maƙwabtaka babban abu ne a addini. Maƙwabta suka yaba masa, suka ce mutum ne mai jin magana. Tsakar gida ta huta da atishawa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa, ƙurar da ba ta fita yanzu ina take zuwa.

Hansatu tana shiga ɗakin da hantsi bayan ta sallami kowa da abin kari, ta ɗaure hanci da tsohon ɗankwali. Ta fito azahar ta yi salla ta ɗora girki, ta koma har la'asar sakaliya. In ta kwance ɗankwalin sai ka ga shatin hancinta a jiki, ja wur. Da farko atishawa ce da hawaye. Daga baya wani busasshen tari ya zo ya zauna. 'Yarsu Binta, mai shekara biyu, ta daina yarda uwarta ta share mata fuska, don sau biyu hannun yana sa mata raɗaɗi a ido duk da an wanke shi da sabulu. Da ta hango hannun tafe sai ta kau da kai ta fara kuka. Hajiya Sauda, mahaifiyar Uwaisu da ke ɗakin kusa da nasu, ta ɗauke yarinyar ta mayar da ita wurinta.

A bakin titi, tafiyar da ba ta kai zuwa masallacin unguwa ba, akwai injin niƙa na wani mutum Idrisu, wanda yakan ware yamma don niƙan kayan yaji bayan ya gama da masu hatsi. Daga cikin ɗan ɗakin Hansatu tana jin tashin injin da tsayawarsa. Ta daɗe tana juya maganar a ranta kafin ta faɗa. Wata rana bayan la'asar, Uwaisu yana zaune a tabarma yana liƙe leda, ta durƙusa daga gefe ta ce ko barkonon kaɗai a riƙa kaiwa inji, ita ta daka sauran, haɗin ma ita za ta ci gaba da yi, ba wanda zai gane.

Ya ajiye zarton ya dube ta kamar ta ce ya je ya yi sata.

"Allah fa zai gane," in ji shi. "Me aka rubuta a nan? Da bakina na karanta miki. Na rantse wa mutane a Bompai, na rantse a Challawa. So kike in ciyar da ke da Binta da haram?"

Ta ce a'a, ba haka take nufi ba. Ta ce to ko a sake rubutun.

Ya ce leda dubu ashirin ba wasa ba ce, ko rabi ba su ci ba, a zubar da su a bola ke nan? Ban da haka ma, in aka cire kalmomin nan biyu me ya rage, ai ya zama yaji irin na kowa da ake tallarsa a tasha. Ta so ta ce gashin cittar ya rage, ƙulin ya rage, hannun da ke awon ya rage, amma tari ya sarƙe ta. Ya jira har ya lafa, ya ce ta tashi ta sha ruwa.

Washegari ya dawo da gwangwanin madara guda a aljihu.

Nan ne abin ya fi ciwo, domin Uwaisu ba jahilin ƙura ba ne. Shekara shida ya yi a sashen da ake sassaɓe auduga kafin a kai ta kaɗi, inda mutum ke fitowa da fari a gashin ido. Yana cikin waɗanda suka yi cincirindo a ƙofar ofishin manaja suna neman a sa musu fanka a ba su abin rufe hanci. Da kamfanin ya amsa musu da gwangwanin madara ɗaya ga kowane mutum a kowane tashi, shi ne ya hau benci ya ce madara ciki take zuwa ba huhu ba, wannan cin fuska ne. Labarin yana nan a bakinsa, duk baƙon da ya zauna a zaure sai ya ji shi. Shi ne kuma ya huda gwangwani da ƙusa ya miƙa wa matarsa, ya ce ta riƙa sha kullum, tana wanke ƙirji. Kuma bai ji komai ba, ya ma ji daɗin kansa da ya tuna da ita a hanya.

Hajiya Sauda nata maganin daban. Ta ce tarin sanyi ne, don Hansatu tana fitowa daga daka da gumi sai ta watsa ruwa. Ta haɗa mata zuma da man shanu. Ta ce su a ƙauye sun yi wa gandu na mutum ashirin daka da goyo a baya ba wanda ya ji kansu, matan yanzu ne dai da sun ji ƙarar inji sai hannunsu ya mutu. Ta ƙara da cewa ɗanta ba ya shan taba, ba ya caca, an kore shi aiki bai zauna a gindin bishiya yana dara ba, macen da ta sami irin wannan ta gode wa Allah. Hansatu ta ce ta gode. Abin da Hajiya ta manta shi ne gero suke dakawa, kuma a fili, a ƙarƙashin sama.

Azumi ya zo, ciniki ya ninka, don kowa yana son yaji a ƙosai da dankalin buɗa-baki. Wata guda ta yi tana daka a rufaffen ɗaki ba ruwa ba madarar. Bayan ƙaramar salla ƙirjinta ya fara wani sauti in tana numfashi, siriri kamar ana busa cikin kara. Ta rame har awarwaronta yana zamowa zuwa tafin hannu in ta sauke taɓarya, ta cire shi ta ajiye. Dakan da take gamawa la'asar ya koma sai an kusa kiran magariba, don kowane ɗagawa ashirin sai ta dafa bango.

Haka yayarta Atika ta same ta, da ta zo daga Zawaciki gaishe su. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta saurari ƙirjin ƙanwarta, ba ta ko zauna ba ta ce ta ɗauko mayafi. A asibiti likita ya daɗe da abin awo a bayan Hansatu, ya tambayi sana'arta, ya tambayi girman ɗakin da ko yana da taga. Ya ce fuka ce ƙura ta tayar mata, kuma ta yi nisa. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce amma ƙwaya ba za ta yi komai ba muddin tana shaƙar abin da ya jawo ciwon. Ta bar daka gaba ɗaya, ko kusa da inda ake yi kada ta zauna.

Atika ta kawo maganar gida yadda aka faɗe ta. Ta ƙara da cewa ta biya ta wurin limamin unguwarsu, ya ce mata addini bai ɗora wa kowa abin da zai halaka shi ba, larura tana da hukuncinta, kuma in Uwaisu yana tsoron ƙarya ai baki gare shi, ya gaya wa masu saye cewa yanzu inji ne. Uwaisu ya saurare ta da ladabi, kansa a ƙasa, don yayar matarsa ce.

"Yaya Atika, larura ita ce mutum yana bakin mutuwa," in ji shi. "Tari ba larura ba ne. Waye ba ya tari a Kano? Ku yi haƙuri babbar salla ta wuce, na karɓi alkawarin mutane. Bayan salla zan cire buhun tagar, kuma za ta huta mako guda cur."

Atika ta ce ƙanwarta ta tashi su tafi Zawaciki. Hansatu ta ƙi. Mutane za su ce don me, tunda ba ɗaure ta aka yi ba. Ba dukanta ake yi ba, ba zaginta ake yi ba, kullum da sannu ake shiga da ita ɗakin nan kuma da sannu ake tarbarta in ta fito. Da dukanta ake yi da ta san inda za ta kai ƙara. Amma wa za ta je ta gaya wa cewa mijinta ya cika gaskiya? Kuma ta san tukunyar gidan a kan turmin nan take, daga Hajiya har Binta. Duk ranar da ta ce yau ba za ta shiga ba, sai ta dubi murhu ta ɗauki ɗankwalin.

Saura kwana tara salla, buhunan barkono biyu suna jingine a zaure saboda masu layya. Wajen azahar ƙarar taɓarya ta ɗauke. Matan gidan sun saba da ita har ba sa jin ta, don haka shirun ma sai da ya jima kafin wata ta lura. Maƙwabciyarsu Asabe ce ta je ta tura ƙofar. Ba ta iya shiga ba, yajin ya buge ta ta ja baya tana tari har ta durƙusa. Sai da ta jiƙa zani ta rufe fuska sannan ta kutsa ta jawo Hansatu ta ƙafa. Leɓunanta sun yi duhu, idonta a buɗe, tana jan iska iskar ba ta shiga. Matan da suka yaba da rufe ƙofar su ne suka tsaya a kanta suna fifita da faifai suna salati.

A gadon asibiti ta yi salla. Kwana goma sha shida ta yi. Uwaisu yana zuwa kowace yamma da ayaba da lemo, kuma damuwarsa ta gaske ce, ranar farko har hawaye ya yi. Da ta fara iya magana, abin da ta fara tambaya shi ne alkawarin mutane, ya ce kada ta sa komai a ranta, Allah ya rufa asiri.

Da aka sallamo ta Atika ta biyo ta don ta kwana biyu tana jinya. Hansatu ba ta iya kwanciya miƙe, sai a jingina ta da bango a tara mata matasai a baya. Daga inda take zaune tana hango zaure. Buhunan barkonon nan biyu babu su, kwalaye ne a jere har kusa da rufi, cike da leda a liƙe. Ta bi su da kallo daga ƙasa har sama.

Da rana Atika ta kawo mata soyayyen naman salla da aka ajiye mata, ta yage leda ɗaya ta zazzaga yaji a gefen kwano. Hansatu ta ce kada ta matso da shi kusa. Ta miƙa hannu ta ɗebo kaɗan ta murza tsakanin yatsu biyu. Nata yana da ɗan tsaki-tsaki da yatsa ke ji komai tankaɗe. Wannan laushi ne da shi kamar toka. Ta ɗora a harshe. Cittar ɗanya ce ba a gasa ba, kuma can ƙarshe akwai ɗanɗanon ƙarfe mai zafi.

Atika ta ga ta gane, sai ta gaya mata abin da Asabe ta ba ta labari. Washegarin ranar da aka kai ta asibiti, Uwaisu ya ɗaure hanci da rawani ya shiga ɗan ɗakin ya tura ƙofa. An ji taɓarya na ɗan lokacin da bai isa ruwan shayi ya tafasa ba. Sai ga shi ya fito da rarrafe, ido ja, majina har haɓa, ya juye buta biyu a ka, ya kwanta a tabarma yana cewa ƙirjinsa zai tsage. Kafin azahar buhu yana kan keke, keke yana ƙofar Idrisu.

Bayan la'asar Uwaisu ya shigo duba ta, ya tsuguna a bakin ƙofa yana tambayar jiki. Ta nuna masa kwanon da ido.

"Malam, wannan niƙan inji ne."

Ya waiga tsakar gida, ya rage murya. Ya ce larura ce. Salla ta matso, mutane suna jira, ita tana kwance, shi kuma ya gwada Allah ya gani ƙirjinsa ba zai ɗauka ba, dama auduga ta riga ta taɓa shi. Ya ce ya tambayi malamai, sun ce larura tana halatta abin da aka hana.

Ta huta, ta tara numfashi. "Mutum nawa suka dawo da shi?"

Bai fahimci inda ta dosa ba. Fuskarsa ta washe, ya ce ko mutum ɗaya, wallahi ko mutum ɗaya. Wani direban Maiduguri ma cewa ya yi na bana ya fi na bara laushi. Abin da take kwana uku tana dakawa, Idrisu kafin mutum ya gama alwala ya niƙe shi. Bai taɓa fitar da kaya kamar na sallar nan ba, har kantin wani kamfani a Sharaɗa da ya daɗe yana nema sun ce ya kawo. Yana cikin magana ya ji abin da bakinsa ke faɗa, ya katse.

Siririn busan ƙirjinta ya cika ɗakin.

"Ni ma raina ba ya so," in ji shi daga baya, yana kallon ƙasa. "Kullum na miƙa leda sai na yi istigfari. In Allah ya ba ki lafiya sai mu koma kan gaskiya."

Atika ta yunƙura za ta miƙe, Hansatu ta riƙe mata gefen zani. Ba ta da numfashin faɗa, kuma ta gaji da yawa. Ta ce da yayarta, a hankali, tana tsayawa tsakanin kalma da kalma, turmin nan nata ne, innarsu ce ta saya mata cikin kayan aure. In za ta koma Zawaciki ta tafi da shi, har da taɓaryar.

Atika ta gyara zama tana jiran rigima, ta ma shirya abin da za ta faɗa. Hajiya Sauda da ke saurare daga ƙofarta ta fara cewa wace irin mace ce za ta fitar da turmi daga gidan miji. Uwaisu ne ya tare ta. Ya ce a bar ta, kayanta ne, kuma dama ya tsare wuri, yana neman inda zai riƙa jera kwalaye. Ranar da Atika za ta tafi shi da kansa ya mirgino turmin har zaure, ya kira mai kura, ya kama aka ɗora, ya ɗaure shi tamau da igiyar kekensa don kada ya faɗo a hanya. A ranar ya cire buhun tagar, saboda leda ba ta son zafi.

Ledoji dubu ashirin ɗin nan sun ƙare, ba jikokinta suka ƙarasa dakan ba. An sake buga wasu, ninki biyu, da turminsu da taɓaryarsu da kalmominsu biyu, ko ɗigo ba a canza ba. Uwaisu ya bar keke ya hau babur. Awon kayan haɗin da ke hannun matarsa ya zauna ya tambaye ta ɗaya bayan ɗaya, yanzu da tsofaffin gwangwanayen madarar nan yake aunawa. A unguwa sunansa mai gaskiya, in 'yan kasuwa biyu sun saɓa shi ake kira ya raba.

A Bompai da Sharaɗa da Challawa mun iya ɗaga murya in manaja ya rufe taga. Muna da ƙungiya, muna da shugabanni, akwai ma'aikatan gwamnati da aikinsu shi ne su shiga kamfani su duba ko iska tana ratsawa. To wa ke wuce zaure? Ku dubi tebur ɗin mai shayi da na mai kanti a ƙofar kowane kamfani, ku dubi 'yan ƙulle-ƙullen da ke kai, yaji da daddawa da garin kunu da alewa. Kowanne daga wani ɗaki ya fito, kuma sunan da ke jiki ba na wadda ke cikin ɗakin ba ne. Mutum ya yi rantsuwa a kasuwa da bakinsa, ya dawo gida a cika masa ita da huhun wata, sannan mu taru mu ce yana da tsoron Allah. Gaskiyar da Uwaisu ya tsare wata goma sha biyar da ƙirjin matarsa, da ta zo kan nasa ƙirjin ko tafasar ruwan shayi ba ta kai ba. Kuma ba shi kaɗai ya toshe tagar nan ba. Duk wanda ya ji daɗin daina atishawa a tsakar gidan ya kama masa buhun.

Hansatu shekararta ashirin da shida. Ba ta iya ɗauko bokiti daga famfo zuwa ƙofar ɗakinta sai ta ajiye sau biyu. Da yamma takan zauna a bakin ƙofa ta jingina da bango, ta ji injin Idrisu ya tashi, kafin ta gama gyara zama ya tsaya. Yajin ya fita daga hannunta yanzu, Binta ta daina gudunsa. Takan zo da kanta ta miƙa fuska a share mata, in an gama ta ɗaga hannu biyu a ɗauke ta. Hansatu takan kama ta ta hammata ta gwada, sannan ta sake ta, ta ce ta je wurin Hajiya.